Tambaya da Amsa: Modul ɗin Faiba da Suwicin Ofis

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga abu guda, wato ɗan ƙarfen nan mai tsawon yatsa da ake cusawa a gurbin suwici, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna, domin a haɗa shi da wayar faiba, wanda masu sana'ar suke kira modul. Mun zaɓi shida daga cikinsu, duka daga Kumasi, mun kuma taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani Alhaji mai makarantar kuɗi a Asawase: Assalamu alaikum. Makarantarmu gini biyu ce, kuma mai awo ya ce akwai mita 380 a tsakaninsu. Muna so mu haɗa ɗakin kwamfutocin ɗalibai da ofishin da saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, take. Ma'aikaci ɗaya ya ce mu sayi modul mai suna SR domin ya fi araha, na biyu ya ce LR ko a fasa aikin. Ni ban san bambancinsu ba, kuma ba na son in binne kuɗi a ƙasa sau biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ma'aikaci na biyu ne ya fi kusa da gaskiya, amma dalilin ba zai fito sarai ba sai an san aikin da modul yake yi. Suwici da lantarki yake aiki, ita kuwa faiba zaren gilashi ce wadda haske kaɗai take ɗauka, saboda haka dole a sami wanda zai tsaya a tsakaninsu. A cikin modul akwai 'yar leza da ke mayar da saƙon lantarki haske ta aika da shi, akwai kuma ido da ke karɓar hasken da ya zo daga can ya mayar da shi lantarki, shi ya sa za ka ga baki biyu a gabansa. An ware shi daga jikin suwici ne domin mai na'ura ya zaɓi gudu da nisan da yake bukata, ya kuma iya zare shi ya sa wani ba tare da ya kashe komai ba. Wanda aka rubuta wa SFP yana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, wanda aka rubuta wa SFP+ yana ɗaukar gigabit 10, kuma girmansu ɗaya ne, ido ba ya raba su sai an karanta takardar da ke jikinsu.

Haruffan SR da LR kuwa nisa suke nunawa, da kuma irin faibar da modul zai yarda da ita. Faiba iri biyu ce a kasuwa, malti da singil. Kaurin gilashinsu ɗaya ne, maikiron 125 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma cibiyar da haske ke ratsawa ta bambanta: ta malti maikiron 50 ce, ko 62.5 a tsofaffin wayoyi, ta singil kuwa wajen maikiron 9 ce kacal. A cikin cibiya mai faɗi haske yakan rabu ya bi hanyoyi da yawa, wani ya riga wani isa, har idan tafiya ta yi nisa saƙon baya ya hau kan na gaba, idon da ke karɓa ya kasa bambance su. A cikin singil hanya ɗaya ce, don haka wannan matsalar ba ta tasowa. Modul ɗin SR yana fitar da haske mai zangon nanomita 850, da malti yake aiki, wadda aka kasa aji-aji da sunan OM, kuma a gudun gigabit 10 yana kai mita 300 a kan wayar OM3, mita 400 a kan OM4, mita 82 a kan OM2, sannan mita 33 kawai a kan OM1. Shi kuwa LR haskensa na nanomita 1310 ne, da singil yake aiki, kuma yana kai kilomita 10.

To, Alhaji, mita 380 ɗin da aka auna maka ba shi ne tsawon wayar da za a ja ba. Waya za ta bi gefen katanga, ta kewaye kwalbati, ta hau bene, sannan ma'aikacin kirki zai bar mata rara a naɗe a kowane ƙarshe saboda gyaran gaba. Kafin a gama da wuya ba ta haura mita 400 ba, ka ga ke nan ko OM4 ta tsaya a bakin iyakarta. Irin wannan haɗi yakan yi aiki ranar da aka ƙaddamar da shi, bayan 'yan watanni ya fara ɗaukewa yana dawowa, kowa ya rasa inda laifin yake.

Ra'ayina shi ne duk haɗin da zai fita daga gini zuwa gini a yi shi da singil. Gaskiya ne modul ɗin LR ya fi na SR tsada, amma babban kuɗin aikin yana wajen haƙa rami da bututu da ladan masu haɗa zare, kuma wannan shi ne abin da ba a son maimaitawa. Singil ɗin da aka binne yau ita ce za ta ɗauki gigabit 25 ko 100 a nan gaba, modul kawai za a sauya. Ka sa a ja waya mai zare 12 a cikin bututu ko da biyu kake bukata yanzu, domin bambancin farashin bai kai na sake haƙa ba. Idan kaya sun iso ka duba launin rigar gajerun wayoyin: rawaya ta singil ce, ruwan lemo ta OM1 da OM2 ce, shuɗi mai haske kuma ta OM3 da yawancin OM4. Kada ka yarda da wanda zai ce a yi amfani da wayar jan ƙarfe a sa suwici a tsakiya don a rage kuɗi. Iyakarta mita 100 ce, kuma da damina tana iya ɗauko wutar tsawa daga wannan gini ta kai wancan ta ƙona na'urori, abin da gilashi ba ya yi.

Akwai kuma masu cewa tun da LR na kilomita 10 ne, gara a sayi ER na kilomita 40 don a fi samun ƙarfi. Wannan kuskure ne mai tsada. Hasken ER ya fi ƙarfin idon da ke karɓa idan zangon gajere ne, yana iya cika shi da kurakurai ko ya lalata shi, sai an sa masa abin rage haske a hanya. LR ba shi da wannan damuwar ko a kan 'yan mitoci.

Daga wani matashi mai haɗa sadarwar ofisoshi a Aboabo: Malam, na sayo modul huɗu na gigabit 10 a wani shago da farashin da bai kai rabin na kamfanin suwicin ba. Da na cusa su, sai suwici ya rubuta cewa bai san su ba, ya rufe gurbin. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ƙanena, ba lallai ne jabu ba. Siffar modul da yadda yake haɗuwa da gurbi yarjejeniya ce da kamfanonin da ke ƙera su suka yi a tsakaninsu, wadda ake kira MSA, shi ya sa modul ɗin kowa yake shiga gurbin kowa. Sai dai kowane modul yana da 'yar ma'ajiya a ciki inda aka rubuta sunan wanda ya ƙera shi, da lambar samfuri, da gudunsa, da zangon haskensa. Da zarar ka cusa shi suwici zai karanta wannan rubutu, kuma wasu kamfanoni sun tsara na'urorinsu su ƙi duk wanda ba sunansu ne a ciki ba. A na'urorin Cisco da yawa akwai umarnin "service unsupported-transceiver" da ke sassauta wannan bincike, su kuwa na MikroTik da suka yawaita a ƙananan ofisoshinmu ba su cika tsanantawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka koma wa mai shagon da sunan suwicinka da lambarsa, domin dillalan da suka san aikinsu suna sayar da modul da aka riga aka rubuta masa shaidar da ta dace da kowane kamfani, wasunsu ma suna da na'urar sake rubutun a teburinsu.

Ka sani fa, idan na'urar tana ƙarƙashin garanti kuma matsala ta taso, kamfani yana iya cewa sai ka sa nasa modul kafin ya saurare ka. Saboda haka a aikin banki ko asibiti ina ba da shawarar a ajiye biyu na asali a aljihun tebur don gwaji, sauran gurabe a cika su da na dillali amintacce.

Idan ƙorafin ya gushe amma fitilar gurbin ba ta kama ba, ka fara da tabbatar da cewa gurbin na SFP+ ne, domin modul ɗin gigabit 1 yakan yi aiki a gurbin gigabit 10, amma na gigabit 10 ba ya aiki a gurbin gigabit 1. Ba dole ba ne modul ɗin ƙarshen nan da na ƙarshen can su zama na kamfani ɗaya, abin da ya zama dole shi ne gudunsu da zangon haskensu su yi daidai. Bayan wannan ka sauya wa zaren biyu wuri a ƙarshe ɗaya, saboda bakin aikawa na nan dole ya faɗa bakin karɓa na can, kuma ma'aikata da yawa sun kwana suna zargin modul alhali zare ne aka juya.

Daga wata Hajiya mai ofishin tafiye-tafiyen Hajji da Umra a Tafo: Ɗana ya ce idan muka sa modul na gigabit 10 intanet ɗin ofis zai daina jan ƙafa lokacin da muke tura takardun maniyyata. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ba haka ba ne. Gudun intanet ɗinki shi ne wanda kika biya wa kamfanin sadarwa, idan megabit 100 ne to megabit 100 za ki samu ko da kowace na'ura a ofis tana iya gigabit 10. Modul yana hanzarta abin da ke yawo a cikin gida ne, kamar hotunan kyamarorin tsaro ko kwafin ajiya da ake turawa saba. A lissafi, fayil mai gigabait 100 yana bukatar fiye da minti 13 a kan gigabit 1, amma daƙiƙa 80 a kan gigabit 10, matuƙar faifan ajiyar yana iya wannan gudun. Abin da zai fita ƙasar waje kuwa sai ya bi layin kamfani zuwa Accra, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da MainOne da WACS da ACE suke sauka. Ranar 14 ga Maris 2024 da waɗannan wayoyi suka lalace a teku, manyan ofisoshi masu suwici na zamani sun shiga ƙunci tare da kowa. Kuɗin da za ki kashe a modul gara ki ƙara shi a kan layin da kike biya, ko ki ɗauki layi na biyu daga wani kamfani daban.

Daga jami'in kwamfuta na wani asibiti mai zaman kansa a yankin Suame: Haɗin faiba tsakanin ɗakin gwaji da babban gini yana aiki lafiya tun da aka sa shi, amma tun shigowar hunturu yake ɗaukewa, musamman da rana idan wuta ta tafi muka koma janareta. Mun sauya modul sau biyu ba a dace ba.

Amsa: Malam, tun da an sauya modul kuma ciwon bai tafi ba, a daina zarginsa a tambaye shi. Yawancin modul na yanzu suna da abin da ake kira DOM ko DDM, wanda ke ba suwici rahoton abu biyar: zafin jikin modul, da ƙarfin wutar da yake samu, da wutar da lezarsa ke ja, da ƙarfin hasken da yake fitarwa, da na wanda yake karɓa. Ka shiga shafin suwici ka karanta su da safe, ka sake karantawa da azahar, ka rubuta a takarda. Ana auna hasken da dBm, kuma duk raguwar 3 tana nufin rabin hasken ya tafi. Modul ɗin LR na gigabit 10 yana iya karɓa daga 0.5 zuwa wajen -14.4. Singil ba ta cin fiye da wajen 0.35 a kowace kilomita a zangon 1310, don haka a haɗin da bai kai kilomita ɗaya ba bai kamata bambancin abin da aka aika da abin da aka karɓa ya wuce 1 ko 2 ba. Idan can ya aika da -3 kai kuma kana karɓar -12, haske yana zuba a hanya, kuma a wannan lokaci na shekara ƙura ce abin zargi na farko.

Ka tuna cibiyar singil maikiron 9 ce, ƙwayar ƙurar hazo guda tana iya toshe wani sashe nata. Abin da ya fi muni shi ne idan aka cusa kan waya da ƙura a jikinsa, domin kawunan biyu danne juna suke yi, sai ƙurar ta niƙe a tsakaninsu ta karce gilashin. Akwai ɗan abin goge baki mai kama da alƙalami, ana cusa shi a danna har ya yi ƙara, zaren tsabta da ke cikinsa ya juya ya share fuskar. Ka goge kan wayar, ka goge bakin modul, ka cusa nan take ba tare da ka ajiye shi a kan tebur ba. Ba a hura masa iska da baki, ba a goge shi da gefen riga, ba a taɓa shi da yatsa. Duk gurbin da ba a amfani da shi da duk kan wayar da aka zare a mayar musu da murfinsu na roba, waɗanda abin takaici su ne farkon abin da ake sharewa a zubar ranar da aka gama aiki. Kuma kada ka leƙa cikin zare ko bakin modul don ka ga ko akwai haske, domin hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido.

Maganar janareta kuwa tana nuna zafi. A ofisoshi da yawa idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ta zo janareta yana ɗaukar suwici amma ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, sai akwatin na'urori ya yi ta dahuwa a rufe. Modul na kasuwa an yi shi ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 70 a ma'aunin Salshiyos, kuma zafin jikinsa ake nufi, wanda kullum ya fi na ɗaki. Yayin da ya yi zafi leza tana raunana, haɗin da ƙura ta riga ta kai bakin iyaka sai ya faɗi. Ka duba ko akwai modul mai bakin wayar jan ƙarfe na gigabit 10 a kusa da shi, domin irinsa yana cin wat biyu da rabi ko fiye, alhali na faiba wajen wat ɗaya yake ci, kuma yakan gasa maƙwabtansa. Ka raba su da gurbi ko biyu, ka share ragar fankar suwici. Idan akwatin yana wurin da ba za a iya sanyaya shi ba, akwai modul na masana'antu mai jure digiri 85. Daga ƙarshe ka bi wayar da ido ko an lanƙwasa ta da ƙarfi a bayan ƙofar akwati, ka kuma tabbata ba a haɗa kai mai launin kore da mai launin shuɗi ba, saboda fuskar koren a karkace aka goge ta, ba ta zama daidai a kan ta shuɗin.

Daga wani ɗalibin injiniya a jami'ar KNUST: Ta yaya ake kai gigabit 100 da 400 a modul ɗaya, kuma shin akwai wanda zai haɗa Kumasi da Accra kai tsaye?

Amsa: Ɗan'uwa, dabara biyu ake bi, ko a ƙara yawan layuka ko a ƙara abin da kowane layi ke ɗauka. Modul ɗin QSFP+ na gigabit 40, gudun da ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta 2010 ta kawo, layi huɗu ne na gigabit 10 a jiki ɗaya, QSFP28 na gigabit 100 kuma layi huɗu ne na gigabit 25. A samfurin SR4 kowane layi da zarensa, huɗu na aikawa huɗu na karɓa, a cikin wani faffaɗan kai mai suna MPO, kuma a gigabit 100 iyakarsa mita 100 ce a kan OM4. A samfurin LR4 kuwa haske huɗu masu zango daban-daban ake cusawa a zare ɗaya na singil, su yi tafiyar kilomita 10 tare, a rarrabe su a can. Mai layuka a rarrabe yana da wani amfani, domin ana iya fasa gurbi ɗaya na 100 ya ciyar da saba huɗu masu gigabit 25. A gigabit 400, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2017, an koma ga PAM4, inda haske yake da matakai huɗu maimakon kunnawa da kashewa kawai, kowane bugu ya ɗauki bit biyu. Matakan sun matsu kusa da juna, kurakurai sun ƙaru, don haka tsarin gyaran kuskure na FEC ya zama wajibi, modul ɗin kuma yana cin wat 10 ko kusa da haka. Tun daga gigabit 25 ma, idan saitin FEC na ƙarshen biyu bai zo ɗaya ba haɗin ba zai tashi ba ko da haske ya isa lafiya. Wanda zai gina sabuwar cibiya yau, a ganina ya tsallake 40 ya tafi 25 da 100, domin can kasuwa ta karkata.

Tsakanin Kumasi da Accra akwai wajen kilomita 250 ta hanyar mota, modul ɗin ZR na gigabit 10 kuwa kilomita 80 yake kaiwa. Irin wannan zango aikin kamfanonin sadarwa ne masu na'urorin ƙara wa haske ƙarfi a tashoshin hanya, ofis kuwa hayar layi yake yi a wurinsu.

Daga mai kula da sadarwar wani kamfanin sayar da kayan gini a Adum: Masu gyaran titi sun datse wayarmu da ke zuwa sito, bayan an ɗinke sai zare ɗaya kawai ya rage mai kyau. Dole ne mu sake jan sabuwa?

Amsa: Malam, ba dole ba ne, matuƙar zaren singil ne. Akwai modul da ake kira BiDi mai baki ɗaya, wanda yake aikawa da karɓa a zare guda ta hanyar amfani da haske iri biyu. A gigabit 10, na ƙarshen nan yana aikawa da nanomita 1270 ya karɓi 1330, na ƙarshen can yana yin akasin haka, saboda haka bibbiyu ake sayensu, kuma idan aka ba ka biyu iri ɗaya ba za su ga juna ba. Kafin ka biya kuɗi ka sa a auna zaren da na'urar OTDR, wadda za ta nuna nisan kowane ɗinki da yawan hasken da yake ci, domin ɗinkin gaggawa da aka yi a bakin titi yakan ci fiye da kima. Kada kuma a rikita maka BiDi da modul ɗin GPON da kamfanonin intanet ke sawa a gidaje. Shi ma zare ɗaya yake amfani da shi, amma da na'urar kamfani kaɗai yake magana, ba zai haɗa suwici da suwici ba. Tun da yanzu ba ka da zaren ko-ta-kwana, ka fara sa kuɗin sabuwar waya a kasafin baɗi, kuma a bi da ita ta wata hanyar da ba ta gefen wannan titin ba.